A tsokane su, kuma a hukunta su: Halin da ɗalibai masu lalurar galahanga ke ciki a makarantu

Temple Grandin tana 'yar shekara 14 aka kore ta daga makarantar da take zuwa a jihar Massachusetts ta Amurka. Laifinta shi ne ta jefi wata ɗaliba da littafi.

Abin da ya jawo jifan kuwa, ɗalibar ce ta kira ta da wani sunan wulaƙanci da ake laƙaba wa masu naƙasar ƙwaƙwalwa. Kafin wannan rana yara sun daɗe suna bin ta da sunan "rakoda", saboda yadda take maimaita magana ɗaya sau da yawa.

Grandin, wadda aka haifa a 1947, tana da lalurar da likitoci ke kira otizim, wadda a Hausa ake sanyawa cikin abin da ake kira galahanga. Ba ta fara magana ba sai da ta wuce shekara uku. A yau farfesa ce a fannin kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado, kuma kusan rabin shanun da ake yankawa a Arewacin Amurka suna bi ne ta cikin tsarin da ta zana. Duk da haka ta sha faɗa a wuraren lacca cewa shekarun sakandare ne mafi muni a rayuwarta.

Fiye da shekara 60 ke nan da korar tata, amma abin da ya same ta bai daina faruwa ba, har a makarantun Najeriya: a yi ta tsokanar yaro a ɓoye, ranar da tura ta kai bango ya rama, sai hukunci ya faɗa kansa shi kaɗai.

Mece ce wannan lalura?

Kalmar galahanga a bakin jama'a tana ɗaukar lalurori daban-daban da suka shafi girman ƙwaƙwalwa, har da waɗanda ba su da alaƙa da juna. Otizim ɗaya ce daga ciki, kuma tana shafar yadda mutum ke magana da mu'amala da jama'a, da yadda jikinsa ke karɓar ƙara da haske da ƙamshi da taɓi.

Wani likitan ƙwaƙwalwar yara a Amurka, Leo Kanner, shi ne ya bayyana ta a rubuce a 1943. Ana haihuwar yaro da ita, gado na taka rawa sosai, kuma ba a ɗaukarta daga wani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce bincike mai yawa ya tabbatar cewa allurar rigakafi ba ta jawo ta.

A shekarun baya hukumar ta ƙiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 a duniya yana da ita. A Amurka, inda ake yawan gwaji, alƙaluman da hukumar CDC ta fitar a 2025 sun nuna yaro ɗaya cikin 31 daga masu shekara takwas. An fi gano ta a jikin maza, fiye da ninki uku na mata.

Masu lalurar ba iri ɗaya ba ne. Akwai wanda ba ya magana ko kaɗan, kuma yana buƙatar mai kula da shi kullum. Akwai kuma wanda yake magana tiryan-tiryan, yana cin jarrabawa, wataƙila ma shi ke zuwa na ɗaya a lissafi. Wannan na biyun ne ake samu a ajin JSS ko SS na makarantar kowa da kowa, kuma sau da yawa babu wanda ya taɓa gaya wa iyayensa ko malamansa sunan abin da ke tare da shi.

A Arewa, irin wannan yaro yakan tashi da wani suna da ba nasa ba. Wasu su ce dolo ne ko gaula, wasu su ce girman kai gare shi tunda ba ya kallon idon mai yi masa magana, wasu kuma su ce mutanen ɓoye ne suka shafe shi. Kafin a kai shi asibiti, idan ma an kai, an riga an zaga wurin masu magani da masu ruƙiyya.

Abin da alƙaluma suka nuna

Masanin halayyar ɗan Adam na ƙasar Norway, Dan Olweus, wanda ya fara nazarin cin zali a makarantu tun shekarun 1970, ya bambanta shi da faɗan yara na yau da kullum da abu uku: ana yin sa da gangan, ana maimaita shi, kuma wanda ake yi wa ba shi da ƙarfin kare kansa.

Wani rahoto da hukumar UNESCO ta fitar a 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya an ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin wata guda kafin a tambaye shi. A ƙasashen Afirka kudu da Sahara adadin ya kai kusan kashi 48 cikin 100.

Idan aka zo kan masu otizim, tazarar tana da girma. Wani bincike da Paul Sterzing da abokan aikinsa suka wallafa a Amurka a 2012, bisa bayanan iyaye sama da 900, ya gano kashi 46 cikin 100 na matasa masu lalurar an ci zalinsu, alhali a tsakanin sauran matasa adadin bai wuce kashi 11 ba.

A shekarar dai, wani shiri na Cibiyar Kennedy Krieger da ke Baltimore ya tattara bayanai kan yara 1,167 masu lalurar, 'yan shekara 6 zuwa 15. Kashi 63 cikin 100 an taɓa cin zalinsu. Fiye da rabin iyayen sun ce akwai lokacin da wasu yara suka tsokani 'ya'yansu da gangan don su ga sun birkice ko sun kai duka.

Binciken biyu sun haɗu a kan wani abu da zai iya ba iyaye mamaki. Yaran da suka fi iya magana, waɗanda ke zama aji ɗaya da sauran ɗalibai, su aka fi cin zali. Lalurarsu ba ta fito fili yadda za a tausaya musu ba, amma ta fito yadda za a gane cewa sun bambanta.

Dalilin da ya sa su ake hari

Shiga sakandare yakan zo daidai da balaga, lokacin da hirar yara ke cika da habaici da zaurance da ba'a. Mai otizim yakan ɗauki magana ne yadda aka faɗe ta. Idan aka yi masa gatse sai ya ɗauka umarni ne, idan aka yi masa yabon ba'a sai ya yi godiya, aji kuma ya fashe da dariya.

Wani yakan kaɗa hannu ko ya riƙa jijjiga jiki idan hankalinsa ya tashi. Wani yakan kafe a kan abu ɗaya, kamar motoci ko taswira ko sunayen 'yan ƙwallo, ya yi ta zancensa ba tare da ya lura an gaji da sauraro ba. Wani kuma ƙarar ƙararrawa ko hayaniyar asambili tana yi masa zafi a kunne har sai ya toshe kunnuwa.

Yara ba sa ɗaukar lokaci kafin su gano waɗannan abubuwa. Da zarar an san cewa buga benci a bayansa, ko ɓoye masa biro, ko sauya masa wurin zama yana birkita shi, shi ke nan an samu abin wasa. Masu yi ba sa buƙatar su taɓa shi, don haka babu tabon da za a nuna wa malami.

Akwai kuma abokan ƙarya. Matashi mai lalurar yakan so abokai kamar kowa, sai dai ba ya saurin gane mai yaudara. Sai a karɓe masa kuɗin tara da sunan abota, ko a tura shi ya faɗa wa malama ko wata ɗaliba maganar da ba ta dace ba, shi kuma bai san abin da take nufi ba. A yanzu da waya ta yawaita, akan ɗauke shi bidiyo lokacin da ya birkice, a tura rukunin WhatsApp na aji ko a ɗora a TikTok.

'Yan mata masu lalurar sukan fi iya ɓoye ta, ta hanyar kwaikwayon yadda sauran ke magana da dariya. Nasu cin zalin ya fi zuwa ta hanyar wariya da gulma: a tashi idan ta zauna, a ƙi ɗaukarta a rukuni, a gayyaci kowa biki ban da ita. Irin wannan ba ya hayaniya, don haka ba kasafai malamai ke lura ba.

Makarantar kwana da al'adar siniya

A makarantun kwana na Najeriya akwai abin da ya ƙara tsananta lamarin, wato ikon da manyan ɗalibai ke da shi a kan ƙanana. Wankin kayan siniya, ɗebo masa ruwa, tsallen kwaɗo da kwasar gwale-gwale abubuwa ne da tsofaffin ɗalibai da yawa ke ba da labarinsu suna dariya, suna cewa su ne suka sa suka yi ƙwari.

Ƙaramin ɗalibi mai wayo yakan koyi dabarun tsira cikin makonni: wa za a guje wa, wa za a yi wa ladabi, yaushe za a ɓuya. Mai otizim bai iya karanta waɗannan dokoki da ba a rubuta ba. Yana iya gaya wa siniya gaskiya a gaban jama'a, ko ya ce dokar makaranta ba ta ce haka ba, sai a ce ya raina na gaba da shi. Kuma da dare, bayan malamai sun koma gidajensu, ɗakin kwana na hannun ɗalibai ne.

A makarantun jeka-ka-dawo ma akwai wuraren da idon malami ba ya kaiwa: bayan aji lokacin tara, hanyar banɗaki, bakin ƙofa bayan an tashi, da hanyar gida. Manufar ilimi ta ƙasa ta tanadi malami ɗaya ga ɗalibai 40 a sakandare, amma a makarantun gwamnati da dama aji ɗaya ya ninka haka. Malamin da ke fama da irin wannan aji ba zai ga wanda ya fara ba, sai dai wanda ya yi ihu.

Daga nan ne ake samun a dake ka a hana ka kuka. Yaron da aka shafe makonni ana tsokana shi ne aka gani yana jifa da kujera. Idan aka kai su ofis, masu tsokanar sun iya tsara magana, shi kuma ko dai ya yi shiru ko ya amsa cewa shi ya yi jifan, domin tambayar da aka yi masa ke nan. Sai ya sha bulala, ko a ce ya zo da iyayensa, ko a ba su shawara su nema masa wata makaranta.

Abin da yake bari a jiki da zuciya

Illa ta farko da iyaye kan gani ita ce ƙin zuwa makaranta. Yaro ya riƙa kukan ciwon ciki ko ciwon kai da safe, ranar Asabar kuma ya warke. Sai barci ya ƙi, cin abinci ya ragu, sakamakon jarrabawa ya faɗi. Wani yakan danne komai a makaranta, sai ya dawo gida ya sauke a kan ƙannensa.

Masu otizim dama sun fi sauran matasa yawan kamuwa da fargaba da ciwon damuwa, cin zali kuma yana ƙara musu. Wasu masu bincike na King's College London sun bi bayanan asibiti na matasa 680 masu lalurar a kudancin Landan. Sakamakon da suka wallafa a 2020 ya nuna waɗanda aka ci zalinsu sun kusa ninka sauran wajen yiwuwar tunanin kashe kansu ko yunƙurin hakan daga baya.

Tabon kuma yana daɗewa. Wani bincike a Birtaniya da ya bi mutum 7,771 da aka haifa a 1958 ya gano waɗanda aka ci zalinsu suna yara, har sun kai shekara 50 sun fi sauran fama da rashin lafiyar jiki da ta ƙwaƙwalwa da ƙarancin abokan zama. Wannan binciken ya shafi yara ne gaba ɗaya, ba masu otizim kaɗai ba.

Ga iyalai masu ƙaramin ƙarfi, ƙarshen abin shi ne a cire yaron a ajiye a gida. Makarantu masu zaman kansu da ke da ƙwararru kan wannan lalura sun fi yawa a Legas da Abuja, kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin ma'aikata. Yaron da zai iya kammala sakandare har ya wuce gaba sai ya ƙare a zaure, 'yan unguwa su ci gaba daga inda 'yan aji suka tsaya.

Me doka ta ce?

A watan Janairun 2019 tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya hannu a dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Dokar ta ba su 'yancin ilimi ba tare da wariya ba, ta ce makarantun gwamnati su zama na kowa da kowa, kuma kowace ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da irin waɗannan ɗalibai. Wanda ya nuna wariya zai iya biyan tarar Naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ko duka biyun, ma'aikata kuma Naira miliyan ɗaya.

Akwai kuma Dokar Kare Haƙƙin Yara ta 2003, wadda jihohi suka riƙa amincewa da irin tasu daga baya. Kano ta samu tata a 2023.

Batun cin zali a makarantu ya ja hankalin ƙasa a watan Afrilun 2024, lokacin da bidiyon wata ɗaliba da 'yan makarantarsu ke mari a wata makaranta mai zaman kanta a Abuja ya yaɗu. Ministar Harkokin Mata ta lokacin, Uju Kennedy-Ohanenye, ta sa aka rufe makarantar na kwana uku. A watan Nuwamban shekarar aka dakatar da ɗalibai 13 na Kwalejin Gwamnatin Tarayya da ke Enugu na mako shida, shi ma bayan wani bidiyo. A 2025 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta ƙaddamar da manufar ƙasa ta yaƙi da cin zali a makarantu.

A duka lamuran biyu bidiyo ne ya tilasta aka ɗauki mataki. Tsarin da ke jiran sai yaro ya kawo ƙara da bakinsa ba zai kama yawancin abin da ake yi wa mai otizim ba, domin wani bai san cin zali ake yi masa ba, wani kuma ya sani amma ba zai iya jera labarin yadda za a yarda da shi ba.

Abin da ke aiki

Wani nazari da aka yi a filayen wasan makarantun firamare a Toronto ta Kanada, aka wallafa a 2001, ya gano cewa idan wani yaro ya sa baki, cin zalin yakan tsaya cikin daƙiƙa 10 a kashi 57 cikin 100 na lokutan. Matsalar ita ce, ba kasafai 'yan kallo ke sa bakin ba.

A kan irin wannan fahimta aka gina shirin KiVa na ƙasar Finland, wanda Farfesa Christina Salmivalli da abokan aikinta suka tsara a Jami'ar Turku. Shirin ya fi mayar da hankali kan 'yan kallo, tunda mai cin zali dariyar aji yake nema, idan bai samu ba kuma kasuwarsa ta mutu.

Akwai matakan da ba sa buƙatar kuɗi. Makaranta za ta iya ware malami ɗaya da yaron ya saba da shi, wanda zai riƙa tambayarsa kowane mako. Tambayar ma a yi ta kai-tsaye: da wa ka zauna yau, wa ya karɓi kuɗinka, wane suna suke kiranka. Idan aka ce masa "lafiya dai ko?" amsar da za a samu ita ce lafiya.

Za a iya buɗe masa laburare ko wani ɗaki mara hayaniya lokacin tara, a zaunar da shi kusa da teburin malami, a kuma haɗa shi da ɗalibai biyu ko uku masu hankali. A makarantar kwana, a duba ɗakin da za a sa shi da wanda zai kwana kusa da shi. Idan kuma ya birkice, kafin a ɗauko bulala a binciki abin da ya faru mintuna goma kafin nan.

Iyaye su lura da yagaggen yunifom, da kayan da ke yawan ɓata, da yunwar da yaro ke dawowa da ita alhali an ba shi kuɗi. Su riƙa rubuta rana da abin da ya faru, su kai wa shugaban makaranta a rubuce, su ajiye kwafi. Idan ba a yi komai ba, akwai ƙungiyar iyaye da malamai, da hukumar ilimi ta jiha, da Hukumar Kula da Masu Buƙata ta Musamman ta Ƙasa da aka kafa a 2020.

Wanda yake zargin ɗansa na da lalurar zai iya neman a duba shi a sashen yara ko na ƙwaƙwalwa na manyan asibitoci, kamar Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ko asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kaduna da Kware da Maiduguri. Idan kuwa yaro ya fara zancen mutuwa ko yana ji wa kansa ciwo, wannan na gaggawa ne, kada a jira.

A ranar 2 ga Afrilun 2025, wadda ita ce Ranar Wayar da Kai kan Otizim ta Duniya, an baje wani zane mai faɗin murabba'in mita sama da 12,300 a dandalin Eagle Square da ke Abuja. Kanyeyachukwu Tagbo-Okeke, ɗan shekara 15 mai lalurar, shi ya zana, kuma kundin Guinness ya amince cewa shi ne zane mafi girma a kan ƙyalle da mutum ɗaya ya yi. Ba kowane mai otizim ne zai kafa tarihi ba, kuma ba sai ya kafa ba kafin a bar shi ya zauna lafiya a aji.

Ita kuwa Grandin, bayan korar da aka yi mata, mahaifiyarta ta kai ta wata makarantar kwana a jihar New Hampshire. Tsokana ba ta ƙare a can ba, amma ta samu malamin kimiyya, William Carlock, wanda ya ɗauki abubuwan da take nacewa a kai ya mayar mata da su aikin gwaji. Ta kuma shiga rukunin masu hawan doki da masu haɗa kayan lantarki da ƙananan rokoki. Ta ce a waɗannan wurare ne kawai ba a tsokanarta, kuma a nan ta yi abokai.